Dawar Bayan Dutse

Ku 'ya'yana, kun sha jin labarin tafiyar da muka yi ni da Baffanku Ado zuwa duwatsun kudu, kuma kowane baki da irin gishirin da yake ƙara masa. Na taɓa zama a wajen wani ɗaurin aure na ji wani yana ba da shi a gabana, bai san ni ne ba, wai mun haye dutse a kan keke, kowa da buhu biyu, kura tana bin mu a baya. Ban katse shi ba, don nasa ya fi nawa daɗin ji. Amma yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, hankalina kuma yana nan tukuna, gara ku ji shi daga bakina. Babu kura a ciki. Turin da muka yi wa kekunan nan ya fi hawan da muka yi musu. Rabin tafiyar ma ba a kan dutse aka yi ta ba. A zauren gidanmu aka yi ta, a ƙasa, a gaban kakanku.

Shekarar ita ce ta biyu a jere da damina ta yi mana rowa. Kun san ƙasarmu ta wajen Kunci: gona tana dafe da gona, kowane taku da mai shi, babu wani daji da mutum zai faɗa ya nemo abin sawa a baki idan rumbu ya ƙare. Gero ya bushe tun yana ciki, dawa kuwa ko kai ba ta fitar ba. Kafin bazara ta yi nisa mun koma kwaɗon rama da zogale, sai ɗan kunun dusa da safe saboda yara. Hatsi akwai shi a kasuwar Dawanau, buhu kan buhu, amma irin wanda talaka zai je ya kalla ya dawo ne. Abin da ya rage mana a gidan shi ne dammunan iri da Baba ya rataye a ɗakinsa, wani gero mai saurin nuna da ya gada wajen mahaifinsa. Maƙwabta da yawa sun riga sun cinye nasu. Baba ya ce duk wanda ya taɓa nasa bai yafe ba, amma mun san halinsa. In abin ya ƙara tsanani shi da hannunsa zai sauko da su, don ba ya iya jin kukan jikokinsa.

Kakanku Malam Isyaku a lokacin idanunsa sun yi yana, da murya yake gane mutum. Yana saurayi, zamanin Turawa, an kwashe su an kai su haƙar kuza a duwatsun kudu, ya yi shekaru a can kafin ya dawo. Bai taɓa ba mu labarin wurin ba. In an taɓo maganar sai ya jawo carbinsa. Shi ya sa muka yi mamaki ranar da ya kira mu zaure da hantsi, ni da Yaya Ado. Ya tambayi Yaya, tunda shi ne yake yawon kasuwanni da kekensa yana sayar da kayan koli, daga ina motocin hatsi suke yin lodi. Yaya ya ce daga kudu, kuma ya ji direbobi suna cewa duk garin da ke bakin kwalta an share shi tas.

"Inda mota take zuwa ke nan," in ji Baba. "Akwai inda ba ta zuwa."

Ya ce a bayan duwatsun da ke gaba da Doguwa akwai ƙauyuka da ruwa ba ya yi musu fashi kamar namu, suna noma wata jar dawa, suna tara ta shekara da shekaru don babu yadda za su sauko da ita kasuwa sai a ka. Abin da ba su da shi kanwa ne da gishiri. Ya san wurin ne saboda wani abokin aikinsa ɗan can, ana ce masa Dogo, wanda ya taɓa ɗaukarsa ya kai shi gidan uwarsa lokacin da zazzaɓi ya kusa kashe shi a ramin kuza. Ya gargaɗe mu tun a nan cewa dawar tasu ba iri ba ce a wurinmu, ruwa mai yawa take so. Ciki kawai za ta riƙe mana, har irinmu ya kai damina.

Daga ranar zauren ya zama wurin aiki. Baba ya sa aka share ƙasa aka ɗan yayyafa ruwa, ya zauna ya miƙe ƙafa, ya fara zana hanya da guntun kara. Inda gari yake ya ajiye tsakuwa, inda ruwa yake ya sa ɓawon gyaɗa, duwatsun kuma ya ce in kawo masa ɓaraguzan marmara ya jera su da hannunsa. Ba ya ganin abin da yake yi, amma in akuya ta shigo ta ture dutse ɗaya, da ya shafa zai ce an taɓa masa. Sai da muka koma kifa tsohon kwando da tabarma a kai in an tashi. Hanyar gida zuwa Kano da ta Kano zuwa Tudun Wada Yaya ya san su, ba a ɓata lokaci a kansu ba. Dajin Falgore kuwa Baba ya ce kada mu shiga mu biyu, mu jira abokan tafiya, mu shiga da sassafe. Inda aka daɗe ana magana shi ne duwatsun. Hanya biyu ce take ratsa su. Ɗaya suna ce mata Wuyan Raƙumi, gajera ce amma a miƙe take sama, tana bin gefen wani kwazazzabo. Ɗayar Ƙofar Iska, hawanta a kwance, amma ta zagaya can gabas, babu inuwa, babu ruwa sai an kusa sauka. Baba Wuyan Raƙumi yake so, don ya sha bin ta da kaya a kansa. Ni kuwa ina ta kallon zanen ina tuna faɗin keke da kaya a jikinsa.

Na ce, "Baba, faɗinta ya kai mutum ya tafi gefe da gefe da keke?"

Ya bi zanen hanyar da yatsa. Can ya ce, "Ƙafata ce ta san hanyar nan, ita kuma ba ta taɓa jan keke ba. Wannan ku za ku gano."

A nan aka tsaya cewa za mu hau ta Wuyan Raƙumi da kayan kanwa, tunda ba su kai hatsi nauyi ba, mu gani da idonmu. In ba ta yi ba mu sauko ta Ƙofar Iska. Kuma ba za mu yi gangancin cewa keke zai kawo hatsin har gida ba. Za mu riƙa sauko da shi kaɗan-kaɗan zuwa garin da ke gindin dutse, mu tara a can, mu nemi mota mai komawa Kano.

Sai batun kekunan. Nawa baƙi ne mai sanda biyu, na saye shi tun ana cin moriyar gyaɗa. Na Yaya ya fi nawa tsufa amma ya fi samun kulawa. Mu mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne, tudun da muka sani bai wuce suri ba. Yaya ya ce kada mu je dutse mu koyi dutse. Akwai wani kwazazzabo da ruwa ya ci a bayan gari, inda ake ɗibar ƙasar gini. Nan muka riƙa zuwa kullum da safe, mu cika buhu da yashi, mu ɗaura a kan kariyar keke, mu hau mu sauka. Mutane suna wucewa suna kallonmu, wasu suna dariya, wai yunwa ta taɓa 'ya'yan Malam Isyaku, sun koma dakon yashi daga rami zuwa rami. A wannan ramin muka gane abin da ba mu taɓa zato ba: hawa wahala ce kawai, gangara ita ce haɗari. Birki ba ya riƙe keke mai kaya. Robar ta cinye nan da nan, keken ya ja mutum. Yaya ya samo tsohuwar tayar mota ya yanka mana robobin birki masu kauri, ya cika aljihu da wasu. Sannan muka koyi dabarar igiya: ɗaya ya riƙe kan keken yana saita shi, ɗaya ya ɗaura igiya a ƙarƙashin sirdi ya tsaya a baya yana sassautawa a hankali. Da haka keke ɗaya yake sauka, sannan a koma a sauko da ɗayan. Muka tanadi faci da gam da famfo, da guntuwar sarƙa, da tsumma mai yawa, don Yaya ya ce ranar da faci ya ƙare tsumma za mu cusa wa tayar.

Innarku Saude ita ta gyara mana abin da ya gagare mu. Buhu a kan kariya yana rinjayar keke, ko yaya ka karkata sai ya kayar da kai. Ta ji muna kukan haka a tsakar gida, sai ta tattara tsofaffin buhuna ta ɗinka mana mangala irin ta jaki, kaya su rataya dama da hagu kusa da ƙasa. Da muka gwada sai ka ce wani keke aka canza mana. Kanwar da gishirin da za mu tafi da su kuwa, tunkiyarta ce ta zama su, tunkiyar da ta zo da ita daga gidansu, wadda ta yi ta ciyar da ita da ganyen gawo duk tsawon farin nan.

To a lokacin cikinta ya tsufa, kuma shi ne na farko da ya zauna mata. Bisa al'ada gidan iyayenta ya kamata ta je ta haihu, amma sun kulle gida sun tafi cin rani tun kaka. Yaya ya kira ni gefe ya ce in zauna, shi zai nemi wani a gari su tafi. Na so in yarda. Amma na san aikin igiyar nan ba a yin sa da wanda ba ku saba ba. Sai wanda ya san numfashinka, ya san lokacin da za ka zame kafin ka zame. Na kasa yanke wa kaina hukunci, na je na same ta tana tsince rama, na tsaya ina ta kewaye-kewaye. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Malam, haihuwa ba kai za ka yi ba, matar Yaya tana nan. Abin da zan ci in shayar, shi ne naka."

Maganar da ta fitar da ni daga gida ke nan. Ranar da za mu tashi Baba ya sa muka durƙusa a gaban zanen, kowannenmu ya bi shi da yatsa daga farko har ƙarshe yana faɗin sunayen wurare, kamar mai ba da hadda. Ya yi mana addu'a, sannan ya sa tafin hannunsa ya shafe zanen gaba ɗaya. Ya ce abin da bai shiga kai ba, ƙasa ba za ta biyo mu da shi ba.

Tafiyar kwalta ba ni da abin faɗa a kanta mai yawa. Mun wuce Dawanau ba mu tsaya ba, muka zagaye birni, muka miƙi kudu. Zafi ne da ƙishirwa, da motoci masu ture mutum gefen hanya. A bakin daji muka haɗu da wasu masu kekuna da masu jakuna, muka ratsa tare lafiya. Abin da ba na mantawa shi ne inda muka fara ganin ɗanyar ciyawa. Can ruwa ya riga ya sauka, ƙasa tana ƙamshi. Yaya ya sauka daga kekensa ya tsugunna ya cika hannu da ita, ya tsaya yana kallo, ya ce ina ma awakinmu. Daga nan duwatsun suka fara tasowa a gabanmu, shuɗi-shuɗi, muna tafiya kamar ba ma matsawa kusa da su.

A gindin dutsen ne muka fara gane cewa hanyar Baba ta tsufa tare da shi. Ya ce mu nemi wani babban ɓaure, hanya tana tashi ta bayansa. Muka yi ta zagaye har rana ta take, babu ɓaure. Wata mata mai ɗauke da itace ce ta nuna mana ruɓaɓɓen kututture a cikin gona, ta ce tun tana yarinya tsawa ta kayar da shi. Ta dubi kekunanmu, ta dubi dutsen, ta yi mana fatan alheri da irin muryar da ake yi wa mara lafiya. Wuyan Raƙumi kuwa ruwan shekaru ya cinye gefenta. Akwai inda ba ta fi faɗin tabarmar salla ba, dama dutse, hagu rami. Sai mu sauke mangala, mu saɓa keke a kafaɗa mu haura da shi, mu dawo mu ɗauki kaya. Kowane guri sai mun taka shi sau da yawa. Ba na yarda in kalli hagu. Da muka kai sama muka zube a kan wani falalen dutse, iska mai sanyi tana kaɗa mu, Yaya ya ce ko da zinariya aka cika masa buhu ba zai sauka ta nan ba. Na ce ban ma tambaye shi ba. Muka yi dariya har da hawaye, mu biyu a kan dutse, ciki babu komai. Sannan muka juya muka ga kwarin da ke baya: kore shar, da 'yan gidaje, da rumbuna tsaye kamar mutane.

Dogo yana raye. Sai dai shekaru sun lanƙwasa shi har bai kai kafaɗata ba. Muka same shi a gindin bishiya yana saƙa igiya, muka gaishe shi, Yaya ya yi masa bayani tiryan-tiryan: Isyaku mutumin arewacin Kano, ramin kuza, zazzaɓi, gidan uwarsa. Tsohon ya saurara, ya sa aka maimaita masa sunan.

Ya ce, "Gaskiya ban tuna shi ba. Mun yi yawa a ramin nan, kuma da yawa na kai wa tsohuwa." Ya ajiye igiyar. "Amma mutumin da ya riƙe sunana duk shekarun nan, ba zan bar 'ya'yansa a waje ba. Ku shigo da dawakan naku."

Ya ba mu ɗaki, ya sa aka share mana wurin salla, ko da yake shi ba addininmu yake yi ba. Aka kawo tuwon jar dawa da miyar ganye. Na ci har na ji kunya, sannan na tuna abin da ake ci a gida, na janye hannuna.

Kanwar ta samu karɓuwa, amma ba kamar yadda Baba ya zata ba, don wasu sun riga mu zuwa da ƙafa. Abin da muka samu da ita bai kai ya riƙe gidanmu zuwa kaka ba. Dogo ne ya ba da shawara: damina ta kama a can, samarinsu da yawa sun tafi birni, ana neman hannu. In za mu tsaya mu yi musu huɗa, za a biya mu da dawa. Na san abin da tsayawar take nufi. Na lissafa a raina na ga kwanakin Saude za su cika ina nan. Yaya ya ce in koma, shi ya tsaya. Na tambaye shi wa zai riƙe masa igiya. Haka muka karɓi garma. Ƙasarsu ja ce mai tsakuwa, ba irin yashinmu ba, hannuna ya yi kanta a kan kanta. Da yamma Yaya yana gyara wa mutane fitila da kwaɗo da duk abin da aka kawo, kowa ya zo da ɗan kwanon dawa. Ni kuwa duk jaririn da na ji ya yi kuka a ƙauyen sai na tsaya da aiki. Duk da haka ba zan ce muku kwanakin baƙin ciki ne ba. Muna ƙoshi, muna aiki, muna ganin buhunanmu suna tashi a kusurwar ɗaki. Akwai daɗi a wahalar da mutum yake ganin amfaninta da idonsa.

Da lokacin saukowa ya yi muka bi Ƙofar Iska. Nan kam Baba bai yi kuskure ba: doguwa ce, babu inuwa, iska kuma tana neman ture mutum da kekensa. Mu cika mangala rabi-rabi, mu tura har kan tudu, mu sauko da igiya, mu ajiye a gidan wani mai shayi a garin gindin dutse, mu huta, mu sake hawa. Haka muka yi ta yi har robobin birkin da Yaya ya yanko suka ƙare, tayata ta baya kuma ta koma tsumma. A sawun ƙarshe ne abin ya same ni. An yi ruwa da safe, dutsen yana santsi. Ina gaba riƙe da kan keken, Yaya yana baya da igiya, sai ƙafarsa ta zame, keken ya taho mini da nauyinsa duka. Ban sake shi ba, don na san in ya tafi rami dawar ta tafi. Muka faɗi tare ni da keken, gwiwata ta daki dutse. Yaya ya gangaro da gudu, kuma wallahi mangalar ya fara shafawa kafin ya dube ni. Na yi masa gorin wannan har ƙarshen rayuwarsa, shi kuma kullum amsarsa ɗaya ce, wai ya ji ina salati da ƙarfi ya san ina da rai, buhu kuwa ba ya magana. Asalin ɗingishin da kuka taso kuka gan ni da shi ke nan.

Wani direban babbar mota ya yarda ya ɗauke mu da kayanmu zuwa Kano, muka sallame shi da dawa. Daga can muka samu a-kori-kura mai zuwa kasuwar Kunci. Da aka sauke buhunan a ƙofar gida mutanen da suka yi mana dariya a ramin yashi su ne suka taya mu shiga da su, kuma Baba bai bari ko ɗaya ya koma hannu wofi ba.

Ke Ramatu, ke na tarar. An haife ki, an yi suna, har cibiya ta warke. Kin sha tsokanata cewa ban zo sunanki ba. To ga inda nake. Babu rago a sunan, kakanki ne ya yi miki huɗuba ya zaɓa miki sunan mahaifiyarsa, aka raba ɗan dabino. Na shiga ɗakin ina jan ƙafa, innarki ta rame har na tsorata, amma idonta garau. Ta miƙo mini ke, ta kalli gwiwata da ta kumbura kamar ƙwarya, ta ce a ɗora ruwan zafi. A ranar aka yi tuwon jar dawa a gidan. Yara suka ce yana da ɗaci-ɗaci, suka kuma cinye shi tas.

Dammunan iri suna nan a rataye. Matar Yaya ta gaya mini cewa sau ɗaya Baba ya sa aka sauko da dami, bayan haihuwar, ya ce a daka wa mai jego. Saude ta ce in an daka ba za ta sha ba. Aka mayar.

Da muka zauna da Baba ya sa muka ba shi labarin hanya daki-daki. Ya yi jimamin ɓauren kamar an ce masa wani ɗan'uwa ya rasu. Sannan ya tambayi abin da nake gudu, ko Dogo ya tuna shi. Na yi niyyar in sassauta maganar, amma Yaya ba ya iya wannan. Ya faɗa masa yadda aka yi, kalma da kalma. Baba ya yi murmushi.

Ya ce, "Ai shi ya yi alherin. Wanda aka yi wa shi ne da tunawa."

Ba a daɗe ba ruwan shuka ya sauka. Ni ina zaune da ƙafa a miƙe, Yaya da mata da yara suka fita da sungumi, aka shuka geron Baba, aka kuma ɗiba wa maƙwabtan da suka cinye nasu. Daminar ba ta cika yadda ake so ba, amma geron mai sauri ne, ya kai. Lokacin da tsiro ya yi kamar tsawon yatsa, gwiwata ta fara yarda in taka feda. Wata safiya ina gyara sarƙa a ƙofar gida sai Baba ya fito yana lalube da sandarsa, ya ce in kai shi gona. Na ce bari in riƙe masa hannu mu tafi a hankali. Ya ce a'a, a kan keken yake so. Mutumin da ya tsufa bai taɓa hawa keke ba. Na naɗe tsohon bargo a kan kariya, Yaya ya ɗaga shi ya zaunar, ya kama rigata da hannu biyu kamar za a ƙwace shi. Hanyar gonarmu kun san ta, a shimfiɗe take kamar faifai, amma tun daga ƙofar gida yake ce mini in yi a hankali, in kula da gangara.

Da muka isa na sauke shi a bakin kunya. Ya durƙusa, ya miƙa hannu yana shafa ƙasa har ya taɓa tsiron, ya bi layin da yatsunsa, ɗaya bayan ɗaya, raɓa tana jiƙa masa hannun riga. Ya daɗe a haka, ni ina tsaye riƙe da keken. Da ya gama ya yi hamdala, ya miƙo hannu in tashe shi, ya lalubi kariyar da kansa.

Ya ce, "Kada ka bi ta inda muka zo. Zagaya da ni ta bayan gari, ka ɗan ƙara gudu."